Kafin ka sayi janareto a Legas, ina za ka ajiye shi?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni mazaunin Agege ne a nan Legas, shekarata 22 ke nan a garin, harkar albasa nake yi a kasuwar Mile 12, uwargida kuma tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a gida, to ka ga mu idan aka ɗauke wuta kwana biyu jarin mai ɗaki ne ke narkewa a cikin firiza. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana mazauna kudu a kan sayen janareto, saboda kusan duk sati sai wani ya tare ni a masallaci ko a kasuwa yana cewa Alhaji wanne zan saya, Elepaq ko Firman ko Thermocool, ni kuma duk wanda ya tambaye ni haka tambaya nake mayar masa, na ce to idan ka sayo ina za ka ajiye shi. Wasu har haushi suke ji suna ganin kamar na kauce wa maganar, amma wallahi a Legas wurin ajiya shi ke zaɓar maka inji kafin aljihunka ya zaɓa.

Maganar rashin wuta ba sai na ɓata maka shafi ba. An canza wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamban 2013, mu nan Legas aka raba mu tsakanin Ikeja da Eko, har yau yara in aka kawo wuta NEPA suke ihu. Ga tashar Egbin nan a Ikorodu mai ƙarfin megawat 1,320, amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana ta lilo tsakanin megawat dubu huɗu da dubu biyar, to dole kowa ya zama kamfanin wutar kansa. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin Band A daga naira 60 da wani abu zuwa naira 225 kowane yunit da alkawarin awa 20 a rana, waɗanda ba sa cikin rukunin kuwa sai abin da aka samu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a gabana a wata damina da ta wuce, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Akwai wasu samari uku 'yan garinmu da suka zo ci-rani, suka kama wani ɗan shago a bakin layinmu suna aski da cajin waya, a nan kuma suke kwana don kuɗin ɗaki a Legas ka san yadda yake. Ni ne kamar ubansu a nan, iyayensu ni suka ba amana. Suna da ƙaramin inji irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, kullum a waje yake da sarƙa da kwaɗo. Ranar aka tsuge da ruwa tun bayan isha'i, irin ruwan Yuni ɗin nan da kwata ke cika ta dawo kan titi, ga wayoyin mutane sun kai talatin a caji, sai suka ja injin suka shigo da shi ciki, suka sauke ƙofar ƙarfe saboda feshi da ɓarayi, suka bar 'yar kafa a ƙasa wai hayaƙi zai fita ta nan, suka kunna fanka suka kwanta.

Da asuba na fito zan tafi masallaci na buga musu ƙofa kamar yadda na saba, shiru. Na sake bugawa shiru. Babbansu mutum ne mai saurin tashi, shi ke tayar da sauran, to wannan shirun ya dame ni, na kira wani maƙwabcinmu Bayarabe mai walda muka ɗaga ƙofar da ƙarfi. Malam Edita, ɗaya ya yi amai a inda yake kwance, ɗaya idonsa a buɗe yana kallonmu amma ya kasa ɗaga hannu, ƙaramin kuwa ko motsi ba ya yi. Injin ya mutu da kansa tun cikin dare don mai ya ƙare, kuma likita ya ce mana da a ce tankin a cike yake da gawa uku za mu ɗauka. Muka fito da su waje cikin iska, aka samu mota aka kai su asibiti aka sa musu iskar oksijin, Allah cikin ikonsa duk suka rayu, amma ƙaramin ya yi makonni yana fama da ciwon kai da mantuwa, daga baya ma gida muka mayar da shi.

Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne maganganun da suka biyo baya. Wani ya ce sammu aka yi musu saboda shagon ya fara ciniki, wani ya ce abincin da suka saya da daddare ne aka zuba wa guba, har an fara nuna wata baiwar Allah mai sayar da shinkafa da yatsa, wata tsohuwa kuma ta ce shagon dama akwai mutanen ɓoye. Kusan babu wanda ya kalli injin da ke ajiye a kusurwa. Kuma na tabbata iyalai da yawa da muke ji an wayi gari an same su sun mutu a ɗaki gaba ɗaya, uba da uwa da yara, a ce ba a san dalili ba, da za a duba da an ga janareto a baranda ko a kicin ko a bayi.

Likitan ya zaunar da ni ya yi min bayani, ni ma bari in isar. A cikin hayaƙin duk wani inji mai ƙona mai akwai wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ba ta sa tari ba ta sa hawaye, wato wannan baƙin hayaƙin da kake gani kake kaucewa daban, ita daban. Idan ka shaƙe ta tana shiga jini ta kama wurin da oksijin ke kamawa, kuma ta fi oksijin riƙo sau fiye da 200, sai jini ya yi ta zagayawa amma babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala kamar zazzaɓin cizon sauro zai kama shi, shi ya sa wasu sai su sha farasitamol su koma su kwanta, mai barci kuwa ba ya jin komai daga barcin sai wucewa. Buɗe taga ko barin kafa a ƙofa ko kunna fanka duk ba sa hanawa. Shawarar masana lafiya ita ce inji ya kasance a waje fili, nesa da ƙofa da taga da kamar ƙafa 20, wato wajen mita 6, bakin salansa kuma ya kalli wani wajen.

To a nan ne matsalar Legas take. Mita 6 a ina? A Kano ko Katsina ko Sakkwato mutum yana da tsakar gida, yana da zaure, yana da bayan gida, ko gidan haya ne akwai ɗan sarari. Nan kuwa yawancinmu muna gidajen nan ne masu ɗaki na kallon ɗaki, dogon lungu a tsakiya, ɗaki goma ko sha biyu, kicin ɗaya bayi ɗaya a can baya, tsakanin katangarku da ta maƙwabta ko mutum biyu ba za su jera ba. Ka shiga Agege ko Idi-Araba ko Ijora ko Obalende da daddare za ka ga injina a jere a wannan ɗan tsukin, kowanne yana hura hayaƙi a ƙarƙashin tagar wani, kai ka kawar da shi daga tagarka ka kai shi tagar maƙwabci inda jaririnsa ke barci. Addininmu ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma haƙƙin maƙwabci bai bambanta Bahaushe da Bayarabe da Ibo ba. Ga kuma ƙara, wanda ya yini a go-sulo daga Apapa ya dawo sha ɗayan dare zai tashi ƙarfe huɗu, kai kuma ka tayar masa da inji a kunne har asuba. Hukumar kula da muhalli ta jihar, LASEPA, tana da doka a kan ƙara a unguwannin zama kuma tana rufe wurare a kan haka, amma ai bai kamata sai hukuma ta zo sannan mu san ya kamata ba.

Saboda haka ni a ganina mutum ya fara zagaya gidan da yake, ya yi magana da mai gida da sauran 'yan haya, ya ga ko akwai wurin da za a gina keji na ƙarfe mai rufin kwano, gefensa a buɗe iska na ratsawa, a ɗaga shi a kan bulo biyu ko uku saboda ambaliya don ruwan Legas in ya zo ba ya sallama, a sa masa kwaɗo mai kyau. Kejin nan ka lissafa shi cikin kuɗin injin tun farko, domin abu biyu ne ke sa mutane shigo da inji ɗaki, ruwa da ɓarawo, kejin kuma ya magance duka biyun. Wanda ya duba ya ga babu irin wannan wurin a gidansu, to wallahi gara ya haƙura da janareto ya nemi wata hanya, zan zo kanta a gaba.

Idan an samu wuri sai a zo maganar girma. A nan mutanenmu ido ke saya, mutum ya ga na maƙwabcinsa babba ja mai taya shi ma sai irinsa ko wanda ya fi shi. Ka ɗauki biro da takarda ka rubuta abin da dole sai ya yi aiki idan babu wuta, a jikin kowane kayan lantarki akwai 'yar takarda ko rubutu da ke nuna wat nawa yake ci. Bari in ba da misali da gidana. Ƙwan fitila 8 masu wat 10, 80 ke nan. Fanka 3 kowacce kamar wat 70, 210. Talabijin da dikoda a ce 120. Cajin wayoyi a ce 50. Firizar uwargida tana cin wajen 200 idan tana tafiya. Duka 660. To amma duk abin da ke da mota a cikinsa, firji da firiza da injin ruwa da esi wato na'urar sanyaya ɗaki, lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku ko fiye na ɗan daƙiƙa biyu, shi ya sa kake jin inji ya yi gurnani fitila ta dushe idan firiza ta tashi. Sai ka ƙara wannan fizgar, lissafina ya kai wajen 1,300, sannan ka bar rara don inji bai kamata ya dinga aiki a ƙurewar ƙarfinsa ba, kamar jaki ne, in ka cika masa kaya kullum ba zai yi shekara ba. Injin da ke ba da wat 2,000 na gaskiya ya ishe ni har da saura.

Masu cinye ƙarfin inji su ne masu zafi, dutsen guga wat 1,000 zuwa sama, butar lantarki da hita wasu har 2,000, risho na lantarki haka. Wanda zai sayi babban inji don kawai a yi guga, ai gara a jira a kawo wuta a goge na sati gaba ɗaya, ko a kashe firiza minti ashirin a yi gugar a mayar. Mai rijiyar burtsatse kuma ya sani sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga rijiyar, mai ƙarfin doki 1 wat 746 ne a lissafi, amma wajen tashi yana iya neman 2,000 ko fiye, to a tayar da shi shi kaɗai a cika tanki sannan a kunna sauran kaya. Esi kuwa idan ka sa shi cikin lissafi ka shiga wani aji daban, inji ya ƙaru, mai ya ƙaru.

Sai maganar lambobin da ake rubutawa a jikin tanki, nan ne aka fi cutar mu. Wannan babbar lambar da kake gani da manyan haruffa sau da yawa sunan samfurin ne kawai, ƙarfin injin na gaskiya yana jikin wani ɗan faranti ko sitika a gefe, kuma kashi biyu ne, akwai ƙarfin da zai iya riƙewa awa da awanni, akwai kuma na ƙurewa wanda yake kaiwa na ɗan lokaci kaɗan, mai shago na biyun zai faɗa maka, kai kuma na farkon za ka yi aiki da shi. Sannan ma'aunin kVA da ake rubutawa a jikin inji da kilowat, wato wat 1,000, ba ɗaya ba ne, a ƙa'idar da aka saba ana ninka kVA da 0.8, wato 2.5kVA ya zama kilowat 2 ke nan. Wata dabara da bakanikena ya koya min, wani yaro ɗan Zariya mai hankali, ya ce Baba ka bar kallon tanki ka kalli injin kansa. Yawancin waɗannan janareton kwaikwayon injin Honda ne, mai doki 5.5 ko 6.5 wato wajen cc 163 da 196, ko babban mai doki 13 wajen cc 389. Injin doki 6.5 ba zai ba ka wutar da ta wuce kilowat 3 ba ko me aka rubuta a jikinsa, in kana son 5 zuwa 6 sai mai doki 13. To duk wanda ya nuna maka ɗan ƙaramin inji ya ce wat dubu bakwai ne ka san ba gaskiya ya faɗa ba. Ƙara ma ba ita ce ƙarfi ba, Bahaushe ya ce ba girin-girin ba ta yi mai.

Ni kaina an taɓa yi min. Injina na biyu na saye shi a wani shago da ba zan ambata ba, mai shagon ya rantse min koyil ɗin jan ƙarfe ne zalla, farashi kuma ya sauko sosai har na ji daɗi. Wata biyar koyil ya ƙone da tsakar azumi, ƙanƙarar mai ɗaki duk ta narke, da aka buɗe aka kankare wayar sai ga fari fat, alminiyam ne aka shafa masa fenti ja. Na koma shagon aka ce garanti bai shafi koyil ba, rasit ɗin ma da na duba ba a rubuta lambar injin ba. Alminiyam ya fi saurin zafi kuma ba ya jure lodi kamar jan ƙarfe, shi ya sa ya fi araha ya fi rashin nauyi, in ka ɗaga biyu masu girma ɗaya za ka ji na jan ƙarfe ya fi nauyi. Araha ba ta ado. Yanzu duk wanda zai je Alaba ko Idumota ko ina ne, ina ce masa ya tafi da bakanikensa ya biya shi kuɗin yininsa, a buɗe murfin baya a duba koyil, a tabbatar akwai AVR wato abin da ke daidaita ƙarfin wuta kar ta hau ta ƙona talabijin, a zuba mai a tayar a wurin, a jona dutsen guga a ji yadda zai ɗauka, a rubuta lambar inji a rasit. Ka kuma tambaya ko kayan gyaransa suna samuwa a unguwarku, kafireto da fulogi da burushi da igiya, don injin da sai an je wani gari neman kayansa ado ne kawai.

Kuɗin saye ma ai shi ne ƙarami, mai shi ne babba. Kafin 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi muna sayen lita ƙasa da naira 200 a Legas, cikin kwana biyu ta koma kusan 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, yanzu kuma tana hawa tana sauka duk da matatar Dangote da ke nan Lekki ta fara fitar da fetur. Injina yana shan kamar lita 1 a awa. In na kunna awa 4 kullum lita 4 ke nan, ka ɗauki lita a naira 900 ma, 3,600 a rana, 108,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kuma abin da mutane ba su gane ba, waɗannan injinan dole su juya sau 3,000 a minti ɗaya don su ba da wuta irin tamu, ko ƙwan fitila ɗaya ka kunna haka zai yi ta gudu, shan mai yana raguwa in lodi kaɗan ne amma ba sosai ba, to wanda ya sayi mai doki 13 don fanka biyu da talabijin kullum yana ƙona kuɗinsa a banza. Akwai wani iri da ake kira inbata janareto mai rage gudu da kansa idan lodi ya ragu, ba shi da ƙara sosai kuma yana tattalin mai, sai dai tsada, kuma ba kowane bakanike ke iya gyara shi ba. Na dizal irin su Perkins da Mikano ke haɗawa sun fi ƙarko amma wannan na manyan gidaje ne da kamfanoni, ko kuma 'yan gida guda su haɗa kuɗi su sayi ɗaya a ajiye a wuri mai kyau kowa da mitarsa, na ga inda aka yi haka kuma ya fi injina goma a lungu ɗaya, in dai akwai amana.

Shi kuwa ƙaramin nan da ake wa laƙabi da na fi maƙwabcina, an rubuta 950 amma abin da yake bayarwa bai wuce wajen wat 650 ba, fitila da fanka da talabijin kawai, ba ya ɗaukar firiza, wutarsa tana rawa tana ƙona caja, kuma da yake ana haɗa masa baƙin mai a cikin fetur ya fi kowanne hayaƙi. Tun 2015 kwastam suka sanar da hana shigo da shi da yawa amma har yau yana ko'ina, don shi talaka ke iya saye. Ba na zargin wanda ya saya. Abin da ke ba ni tsoro da shi shi ne rashin nauyinsa, da hannu ɗaya ake ɗauka, shi ya sa shi aka fi shigowa da shi ɗaki.

Masu mayar da inji ya koma aiki da gas ɗin girki, ana canza kafireto a jona tukunya, yana rage kashe kuɗi idan farashin gas ya sauka kuma fulogi ba ya saurin yin baƙi, amma kar wani ya ruɗe ka cewa tunda ba ka ganin hayaƙi za ka iya sa shi a ciki, wannan iskar mai kisa tana nan. A nisanta tukunyar daga zafin injin, a sa tiyo da regileta masu kyau, a dinga shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa.

Wanda ba shi da wurin ajiya da na ce zan dawo kansa, yanzu alhamdulillahi akwai mafita da babu ita lokacin da muka zo garin nan. Fanka mai caji, fitila mai caji, ƙaramin batir na litiyam mai inbata a haɗe, wato abin da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da za ka caja idan an kawo wuta ko da faifan sola ɗaya ko biyu in mai gida ya yarda a hau rufi. Ba ya hayaƙi ba ya ƙara, a ɗaki yake kwana babu ɓarawon da zai gan shi. Gaskiya ne kuɗin farko da nauyi, ba ya ɗaukar guga, kuma ranar Legas a damina ba irin ta arewa ba ce, sai a yi kwana uku hadari a rufe, amma mai ɗaki ɗaya da yake buƙatar fanka da fitila da caji, in ya tara kuɗin man wata huɗu ko biyar ya kusa saye. Samarin nan biyu da suka rage abin da muka haɗa musu ke nan, injin askinsu ma duk masu caji ne yanzu. Ni ma a gida haka na raba, inji ya yi awa uku zuwa huɗu da yamma firiza ta kama batir ya cika, ƙarfe goma a kashe, fanka ta kwana a kan batir, maƙwabta su yi barci mu ma mu yi.

Abu biyu a gurguje. Dan Allah a daina jona inji da wayar nan mai kai biyu a soket ɗin bango, a kira mai aikin wuta ya sa cenjoba, wato makunnin da ke raba wutar inji da ta layin waje, domin in ka manta ba ka cire layin waje ba wutar injinka tana komawa ta bi waya har taransifoma ta iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara, in kuma aka kawo wuta a lokacin injin da kayan gidan duk sun tafi. Na biyu kar a zuba mai inji yana tafiya ko yana da zafi, a kashe a ba shi minti goma ko sha biyar, kar a tura yara da kyandir ko a haska da ashana, jarkar fetur kuma ba ta kwana a ƙarƙashin gado. Sabon inji a juye masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk awa 50 zuwa 100 gwargwadon abin da littafinsa ya ce, ka rubuta kwanan wata a jikin bango kusa da kejin don kar a manta.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware shafi a jaridar nan kafin damina ta kankama ku kawo likita ya yi bayanin wannan iska da Hausa, a sa hoto, don da yawa daga cikin yaranmu 'yan ci-rani masu kwana a shago da masu gadi masu kwana a ɗakin inji ba wanda ya taɓa faɗa musu. Ina kuma roƙon sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago da sauran zangonni, da limamanmu, a ɗauki minti biyar bayan huɗuba ko a wajen tafsiri a faɗa wa jama'a, masallatan ma a duba inda ake ajiye inji lokacin tarawihi da tahajjud, na sha ganin an jingina shi da tagar ɓangaren mata. Shugabannin 'yan kasuwa kuma su zagaya shagunan da ake kwana a ciki. Akwai wata 'yar na'ura mai batir kamar girman tafin hannu da ke ƙara idan iskar ta taru a ɗaki, ana samunta a wajen masu kayan lantarki, na sayi biyu, ɗaya a ɗakin yara ɗaya a shagon samarin nan, duk wanda ke kusa da Agege yake son ganin yadda take ya tambayi limamin unguwa a haɗa mu in nuna masa.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Wani mai sayar da albasa,
Agege, Legas.